Ginin Zamani da Ire-irensa

A ƙasarmu ta Hausa, da zarar an ga gida na bulo da siminti, an rufa shi da kwano, sai a ce ai wannan ginin zamani ne. In kuwa na tubali ne da azara, sai a ce ginin ƙasa ne. Daga waɗannan biyu ba mu da na uku. Amma a wurin masana zanen gine-gine abin ya wuce nan. A wurinsu ginin zamani zuriya ce babba mai 'ya'ya da jikoki, kowanne da sunansa, da lokacin haihuwarsa, da halinsa. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane.

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan nan, watau wanda ake kira salon tsakiyar ƙarni, in bayyana alamominsa, in kuma nuna inda ya rabu da 'yan'uwansa. Na zaɓe shi ne don shi ne salon da ya iso Arewa daidai lokacin da aka himmatu wajen gina manyan makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata, gab da samun mulkin kai a 1960 da kuma bayansa. Da yawa daga cikin kakanninmu da iyayenmu da suka yi boko a irin ɗakunansa suka zauna. Ina kuma ganin akwai darasi a cikinsa ga duk wanda yake tara kuɗin bulo a yau, a nan Kanya Babba ne, ko Babura, ko Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa. Gida ba riga ba ne, balle in ya matse ka ka tuɓe. Wanda ya gina mai zafi, shi da iyalinsa za su sha zafin nan shekara da shekaru.

Asalin ginin zamani

Kafin a gane salon nan, tilas a fara gane abu ɗaya da ya haifi dukan zuriyar. A tsohon gini, namu da na Turawa, bango shi ke ɗauke da rufi. Shi ya sa maginin Hausa yake yin bango mai kauri daga ƙasa, ya riƙa rage shi yana hawa sama, ya kuma bar 'yar taga ƙarama, gama kowane gurbi da aka buɗe a bango rage masa ƙarfi yake yi. Azara ita ma tana da iyakarta, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida. In ana son babban ɗaki sai an yi dabarar bakan gizo, irin wadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gwanance a kai lokacin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

To, daga ƙarshen ƙarni na 19 sai Turawa suka sami abubuwa uku a wadace: ƙarfe, da kankare mai rodi a ciki, da manyan fallayen gilashi. Da waɗannan sai ya zama ana iya kafa ginshiƙai, a gicciya wasu a kansu, su ɗauki nauyin rufi su kaɗai. Misalin wannan yana nan a kowace kasuwa tamu. Dubi rumfa: dirkoki ne suke riƙe da ita, zanar da aka kewaya kuwa kariya ce kawai, ana iya ɗage ta ko a cire ta rumfa ba ta faɗi ba. Haka bango ya koma a ginin zamani. Tun da ya huta da dakon rufi, ana iya sirantar da shi, ko a matsar da shi, ko a mai da shi gilashi ɗungum.

A 1919 wani mai zanen gini Bajamushe, Walter Gropius, ya buɗe makaranta mai suna Bauhaus a garin Weimar na Jamus. Koyarwarta ita ce, amfanin abu shi zai ba shi siffa, a bar ado na ɗorawa. A Faransa kuma Le Corbusier ya gama wani gida kusa da Faris a 1931, wanda ake kira Villa Savoye, farin akwati ne zaune bisa siraran ginshiƙai. A 1932 aka yi nunin hotunan irin waɗannan gine-gine a birnin Niyok na Amurka, daga nan suka sami sunan Salon Duniya, watau salon da ba shi da gari, ko'ina aka kai shi kamanninsa ɗaya. Wannan shi ne uba.

Salon tsakiyar ƙarni da alamominsa

A 1933 gwamnatin Hitila ta matsa wa Bauhaus har aka rufe ta, malamanta suka watsu, manyansu suka ƙare a Amurka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, yaƙin nan da aka kai sojojinmu Bama, sai miliyoyin samarin Amurka suka komo gida, suna son aure, suna son muhalli. Ga masana'antun da suka saba ƙera kayan yaƙi suna neman abin yi. A nan ne ilmin 'yan Bauhaus ya haɗu da bukatar mai ƙaramin ƙarfi, aka haifi salon da muke magana a kai. Zamaninsa daga wajen 1945 ne zuwa wajen 1970, watau tsakiyar ƙarni na 20. Sunan ma daga baya ya bazu, bayan wata marubuciya, Cara Greenberg, ta sa shi a kan littafinta na kujeru da tebura a 1984.

Inda ya fi bunƙasa ita ce jihar Kalifoniya. Daga 1945 zuwa 1966 wata mujallar gine-gine ta can, bisa shirin da editanta John Entenza ya fara, ta riƙa gayyatar gwanaye su zana gidajen gwaji, a gina, jama'a su zo su gani. Ɗaya daga ciki shi ne gidan Charles Eames da matarsa Ray na 1949, wanda aka harhaɗa da ƙarafan da masana'antu suke sayarwa kowa ya saya. Wani ɗan kasuwa kuma, Joseph Eichler, ya gina gidaje wajen 11,000 na wannan salo don matsakaitan ma'aikata.

Alamominsa biyar ne. Ta farko, ƙashin ginin a bayyane yake. Mutum zai ga ginshiƙai, ya ga katako ko ƙarfen da aka gicciya a kansu, har ya bi su da ido daga cikin ɗaki zuwa waje. Ba a ɓoye su da sili.

Ta biyu, gidan a kwance yake, ba a tsaye ba. Yawanci hawa ɗaya ne, mai faɗi, ya bi shimfiɗar ƙasar da yake kai. Rufinsa shafaffe ne ko mai ɗan gangare kaɗan, bakinsa kuwa ya zarce bango da nisa, kamar yadda malafa take zarce fuskar mai ita.

Ta uku, ciki da waje sun zama ɗaya. Akan yi bango guda na gilashi tun daga daɓe har rufi, da ƙofa mai turawa gefe, wadda take buɗewa cikin lambu. Wanda yake zaune a falo gani yake kamar a gindin bishiya yake. Abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne, gidajen Eichler da yawa sun juya wa titi baya, ba su da manyan tagogi ta gaba, sai a tsakiyar gida aka bar fili buɗe ga sama, ɗakuna suna kewaye da shi. Wannan kuwa ai tsakar gida ce.

Ta huɗu, an rage bangayen ciki. Falo da wurin cin abinci da kicin duk fili ɗaya ne, sai dai a raba su da kabad ko ɗan gajeren bango.

Ta biyar, kowane kayan gini an bar shi da fuskarsa. Katako ya fito a katako, dutse a dutse, jan bulo a jan bulo. Ba a sassaƙa furanni, ba a manna ado. Kyan gidan yana cikin daidaiton tsawo da faɗi, da yadda haske da inuwa suke faɗuwa a kansa.

Wanda ya ga uku ko huɗu daga cikin waɗannan a gida guda, aka kuma ce masa an gina shi tsakanin 1945 da 1970, to, ya ga salon tsakiyar ƙarni.

Inda ya rabu da 'yan'uwansa

Tsakaninsa da ubansa, Salon Duniya, bambancin na hali ne. Uban fari ne fat, an shafe shi sumul, yakan tsaya bisa ginshiƙai kamar baƙon da yake ƙyamar taka ƙasa. Ɗan kuwa ya sauko ya zauna, ya ɗauki launin dutse da itacen wurin, ya kula da inda rana take fitowa. Richard Neutra ya gina wani gida a 1946 a Palm Springs, cikin hamadar Kalifoniya, inda ya haɗa gilashi da bangon dutse, ya kuma jera fallayen ƙarfe a tsaye don tare iska da rana. Amma iyakar da ke tsakanin uba da ɗa ba a ja ta da rula ba. Akwai gidan da Mies van der Rohe, shugaban Bauhaus na ƙarshe, ya gama wa wata likita, Edith Farnsworth, a 1951 a jihar Ilinoyi. Akwatin gilashi ne ta kowane gefe. Wasu suna lissafa shi wajen uba, wasu wajen ɗa. Ita dai mai gidan ta koka da zafinsa da rashin sirrinsa, har rigimar kuɗin ginin ta kai su kotu.

Sai At Deko, wanda ya sami sunansa daga wani baje koli da aka yi a Faris a 1925. Shi ma na zamani ne, da ƙarfe da kankare ake yin sa, amma mai son kwalliya ne. Yana son layuka masu hawa sama, da zane mai kama da tsani ko hasken rana, da ƙyalli. An fi ganinsa a gidajen silima da otal-otal da dogayen benaye. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: At Deko yana ɗora ado a kan gini, salon tsakiyar ƙarni kuwa ginin kansa ne adon.

Sai salon ɗanyen kankare, wanda Turawa suke kira Burutalizim, daga kalmar Faransanci mai nufin ɗanye. Le Corbusier ne ya buɗe masa hanya da wani katafaren benen haya da ya gama a Marsai a 1952. A nan ana zuba kankare a cikin katako, in ya bushe a ɓamɓare katakon, a bar shi haka nan da shaidar katakon a jikinsa, ba filasta ba fenti. Zamaninsu kusan ɗaya ne da salon tsakiyar ƙarni, dukansu kuma ba sa ɓoye kayan gini. Amma wancan mara nauyi ne, kamar zai tashi, wannan kuwa kamar dutsen da aka sare. An fi yin sa a ma'aikatun gwamnati da jami'o'i, kuma Nijeriya ta gina irinsa da dama a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo.

Akwai kuma tsofaffin gidajen bariki da Ma'aikatar Ayyuka ta gina wa Turawan mulki. Mutane sukan haɗa su da salon tsakiyar ƙarni saboda baranda. Amma su sun girme shi, bangonsu mai kauri shi ke ɗauke da rufi, rufin kuwa dogo ne mai tudu.

Na ƙarshe shi ne ginin yayi, watau wanda muke gani yana tashi yau a sababbin unguwanni, tun daga Kano har garuruwanmu. Alamominsa sanannu ne: rufi mai tsini wanda tsawonsa ya kusa kai na bangon, ginshiƙai masu ado a ƙofar gida irin na mutanen Rum, tagogin alminiyam masu baƙin gilashi, da tayil har a bangon waje. Sabo ne, gaskiya, amma sabunta daban, salon zamani na masana daban. Ta wajen aƙida ma kishiyarsa ne, gama ya komo da adon da wancan ya kora. In rufin wancan malafa ne, na wannan dara ce: ga tsawo ga kyau, amma ba ta tare wa fuska rana.

Yadda ya iso Arewa

Kamar yadda malamanmu suke da silsilar karatu, wane ya ɗauka daga wane, haka salon nan yake da silsilar da ta kawo shi ƙasarmu. Da Gropius ya bar Jamus a 1934, Ingila ya fara sauka, ya yi aiki tare da wani Baturen Ingila, Maxwell Fry. Lokacin yaƙi aka turo Fry Afirka ta Yamma cikin injiniyoyin soja, daga baya shi da matarsa Jane Drew, ita ma gwanar zanen gini, suka zama masu ba gwamnatocin mulkin mallaka shawara kan tsara garuruwa. Su ne suka zana gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka kafa a 1948. Sun kuma yi aiki da Le Corbusier wajen gina sabon birnin Candigar a Indiya daga 1951. A nan Arewa, kamfaninsu ne ya zana Kwalejin Horon Malamai ta Wudil a ƙarshen shekarun 1950, da Filin Wasa na Ahmadu Bello a Kaduna a shekarun 1960.

Su biyun sun lura cewa bangon gilashi irin na Turai da Amurka, in aka kawo shi nan, tanda zai zama. Saboda haka suka riƙe ƙashin salon, suka sake masa tufa. Abin da ya fito shi ake kira salon zamani na ƙasashen zafi, kuma ga dabarunsa.

Ana shimfiɗa gini ya yi tsawo daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa su dubi kudu da arewa. Dalili shi ne, da hantsi da la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, tana dukan bangon gabas da na yamma kai tsaye, babu bakin rufin da zai tare ta. Da tsakar rana kuwa tana bisa kai, ɗan bakin rufi ya isa ya rufe bangon kudu da na arewa da inuwa. Don haka akan bar bangon gabas da na yamma gajeru, ba taga. Ana jera ɗakuna sahu ɗaya, kowanne da taga gaba da baya, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ana sa baranda mai tsawo, wadda ita ce hanya, ita ce kuma inuwa. Maimakon gilashi sai a yi bango da bulo mai huda, wanda yake tace haske ya bar iska ta wuce. Ana fito da fallayen kankare a saman taga da gefenta kamar gira. Ana sa luba, watau tagar nan mai siraran gilasai jere da ake karkatawa. Ana kuma barin sarari tsakanin kwano da sili, da 'yan kafofi, don zazzafar iska ta sami mafita.

Duk wanda ya shiga tsohuwar makarantar gwamnati ko tsohon asibiti a Arewa ya ga wasu daga cikin waɗannan, ko da bai san sunansu ba. Ni kaina tun ina firamare nake ganin bulo mai huda, ina ɗaukarsa kwalliya, sai da malaminmu na zane ya sa muka tsaya bayan irin bangon nan da rana tsaka muka ji iskar da take ratsowa.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mu mutanen nan mu riƙe. Zafin Ibadan da namu ba ɗaya ba ne. Nasu mai gumi ne, maganinsa iska ta yi ta ratsa ɗaki dare da rana. Namu busasshe ne. A watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, iskar rana kanta kamar daga bakin murhu take fitowa, da dare kuma gari ya ɗan huce. Da hunturu ga ƙura ga sanyi daga arewa maso gabas, da damina ga hadari mai dukan bangon gabas. A irin wannan ƙasa bango mai huda ko'ina zai shigo da ƙura da zafi. Abin da ya fi dacewa shi ne bango mai kauri wanda zai shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki dare ya yi. Fry da Drew sun san haka. Littafinsu na 1956 kan ƙasashe masu gumi ne, a 1964 kuwa suka fito da wani wanda ya haɗa da busassun ƙasashe irin tamu.

'Yan ƙasa ma ba a bar su a baya ba. Makarantar koyon zanen gini ta farko a Nijeriya an dawo da ita Zariya daga Ibadan a 1955, ta kuma zama sashen Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. Siminti, wanda dā sai an kawo daga Turai, aka soma yin sa a Nkalagu a 1957, a Sakkwato kuma a 1967.

Shi da gidan Bahaushe

Me ya sa salon nan ya zauna a makarantu da ofisoshi, amma bai shiga cikin gari sosai ba? Na farko dai tsada, gama rodi da siminti ba na kowa ba ne a lokacin. Na biyu kuwa al'ada. Gidan Bahaushe an tsara shi ne bisa sutura. Baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami. Bangon gilashi mai nuna wa mai wucewa abin da ake ci ba zai karɓu ba. Haɗa falo da kicin ma ba zai yiwu ba a gidan da ake girki da itace, ake daka, ake tankaɗe. Shi ya sa za ka ga gidan ma'aikata na wancan zamani, wanda aka gina a buɗe tsakiyar fili, mazauna sun kewaye shi da katanga, sun yi madafi a baya, wani lokaci har sun toshe hudojin bulo. Mu kuma mutane ne masu son ado a bango, ga zanko a kan soro, ga dagi a ƙofar zaure.

Amma in aka duba da kyau, wuraren da suka yi kama sun fi yawa. Soronmu shafaffe ne. Gidanmu a kwance yake, hawa ɗaya. Ya juya wa hanya baya ya buɗe cikinsa ga sama. An gina shi da ƙasar wurin, da giginyar wurin, an shafe shi da makuba ya fito da launinsa. Rabin rayuwar gidan a waje ake yin ta, a tsakar gida da gindin bishiya. Abin da gwanayen Kalifoniya suka yi ta nema da ƙarfe da gilashi, kakanninmu sun riga sun same shi da tubali, gwargwadon ƙasarsu da addininsu.

Darasin da ke ciki

Na san gidaje biyu a unguwarmu, bango ɗaya ya raba su. Ɗaya tsohon soro ne, ɗaya sabon gini na bulo inci shida da dogon kwano da baƙin gilashi. Da bazara, in azahar ta yi, mutanen sabon gidan a zauren tsohon suke fakewa. Da dare in ka dafa bangon yamma na sabon, za ka ji shi da ɗumi har bayan lisha. Ba kuɗi ne suka gaza ba, gama an kashe su. An dai gina shi ne bisa zaton fanka da na'urar sanyaya ɗaki za su yi aikin da inuwa ya kamata ta yi, alhali kowa ya san wuta ba kullum take samuwa ba, man janareto kuwa sai mai hali.

Ba ina cewa a koma ginin ƙasa yadda yake ba. Shi ma yana da wahalarsa: yaɓe duk shekara, ga gara, ga rushewa in damina ta yi ƙarfi, ga azara ta yi wuya. Abin da nake roƙon iyayenmu, cikin ladabi, shi ne in za a yi gini a ari hankalin salon tsakiyar ƙarni, tun da yawancin dabarunsa ba sa cin kuɗi. Kafin a haƙa harsashi a dubi gabas da yamma. Kuɗin da za a ƙara wa rufi tsawo a ƙara masa faɗi da su, ya zarce bango. A yi baranda. A sa taga biyu masu fuskantar juna, da masu rufewa da kyau saboda hunturu. A ƙara wa bangon yamma kauri, ko a dasa darbejiya ta yi masa inuwa. Kada a cinye tsakar gida da ɗakuna. Ga duwatsu nan a ƙasar Kazaure da Roni, waɗanda in an gina bango da su ba ya bukatar fenti har abada.

Akwai masu yin haka a yau, kuma duniya tana yaba musu. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, ƙasar Hausa ce kamar tamu, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gama sabon masallaci a 2018 da tubalin jar ƙasa wanda aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu, Gando, a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da ɗakunan don iska ta ratsa tsakani. A 2022 ya sami kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ga ɗan aiki na hutu. Duk ginin da kuka gani, a garinku ko a hanyar Kano, ku yi masa tambaya huɗu. Me ke ɗauke da rufinsa? Ina dogon bangonsa ya duba? Ina inuwarsa take da azahar? Adonsa na jikinsa ne ko na ɗorawa? Amsoshin za su nuna muku ko ɗan wane gida ne a zuriyar ginin zamani. In kuwa kun tarar da tsohon gini mai baranda da bulo mai huda, ku dube shi da mutunci, ku kuma zana shi a littafinku, gama irinsu suna ƙarewa, wasu an rushe, wasu an yi musu gyaran da ya ɓatar da kamanninsu. Wataƙila a cikinmu akwai wanda zai je Zariya ya koyo wannan ilmi, ya komo ya zana mana gidan da zai dace da ranarmu da al'adarmu da aljihunmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba iyayenmu ikon yi mana muhalli mai albarka, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, amin.